Suwaitar da Na Mayar Cikin Akwatinka

Walid,

Kafin ka wuce wannan layi, ka saka suwaitar da ka tarar da takardar nan a cikinta. Ba a kafaɗa za ka rataya ta ba, ba kuma ɗaure hannayenta za ka yi a ƙugu kamar yadda kuke yi ba. Ka zura kai, ka zura hannu biyu, ka ja ta har ta rufe cibiya. Idan ka ci gaba da karatu ba ka saka ba, ka sani ka saɓa wa uwarka tun ba ka kwana a ƙasar mutane ba, kuma zan gane, domin ban taɓa kasa gane muryarka ba idan ka yi laifi.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina fata ka sauka Aberdeen lafiya, an duba takardunka ba wulaƙanci, an tsokane maka hanci da tsinken gwajin nan an tarar ba ka ɗauke da komai. Allah ya tsare ka daga wannan annoba da duk wata cuta, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya nesanta ka da na banza. Babanku yana gaishe ka. Ƙanwarka Nabila ma haka, ko da yake na ga tana auna ɗakinka da ido tun ba ka tafi ba. Tunda za su killace ka a otal, ba ka da wurin gudu, sai ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Na san ka yi mamaki da ka buɗe akwati ka gan ta. Sau biyu kana cire ta. Na farko na tsince ta a bayan kujerar falo, ka ce faɗuwa ta yi. Na biyu na same ta a ninke tsaf a ƙasan durowar Nabila, kuma suwaita ba ta ninke kanta. Da na tambaye ka sai ka ce, "Umma, nauyi ne, masu jirgi ba sa wasa da kilo." Na ce to. Yau da ka fita karɓo takardar gwajinka na gyara maka matsalar nauyin. Takalman nan naka farare masu kama da kwale-kwale suna nan gida a unguwarmu ta Sentul, za su jira ka. Siket ɗin kuwa, wanda ya fi bargon babanku nauyi, ban taɓa shi ba, yana nan ƙasa inda ka shimfiɗa shi. Na san za ka ce ba siket ba ne, kilt ne. Ka bar ni na kira shi da abin da idona ya gani.

Ka tuna ranar da ya iso. Kullen annoba ya tsananta, ba shiga ba fita, kana karatun zangon farko ta kwamfuta a ɗakinka. Mai gadin bene ya bugo waya wai an kawo ƙunshi daga Turai. Na fesa masa magani, na shanya shi a baranda ya sha rana, sannan na buɗe. Da na ga yadi mai kauri, kore da shuɗi da siririn layin ja, sai na ce a raina, Kalum ɗin nan da Walid yake karatu da shi ɗan mutunci ne, ya san a aiko wa uwar aboki zani. Har na ɗaura shi a kan doguwar rigata ina juyi gaban madubi, ina cewa gajere ne amma zai yi zaman gida, sai ga ka a bakin ƙofa.

"Umma, nawa ne fa."

"Naka na me? Akwai wadda za ka kai wa ne ban sani ba?"

"A'a, ni zan saka. Kalum zai yi aure idan an buɗe gari, ina cikin abokan ango. Na yayansa ne ya aiko mini in gwada."

Na zauna a bakin gado. Namiji na haifa, a gaban shaidu aka raɗa maka suna, ga shi za ka je ƙasar mutane ka tsaya a gaban jama'a da siket. A ranar na yi niyyar in ce ba za ka saka ba, a mayar masa da kayansa. Abin da ya riƙe mini baki wani abu ne da na yi tun ba a haife ka ba.

Farkon zuwana ƙasar nan muna zaune a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur, kusa da jami'ar da babanku yake karatu a lokacin. Juma'ar farko na leƙa ta taga na ga maza, har da dattawa masu furfura, kowa ya ɗaura zani za shi masallaci. Dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Na ƙwala wa babanku kira ina nuni da yatsa: "Zo ka gani, mazan garin nan sun kwashe zannuwan matansu!" Ashe maƙwabcinmu Pakcik Rahim yana daidai ƙasan tagar. Ba ya jin Hausa, amma ya ga yatsan ya ji dariyar. Ya ɗago ya dube ni, ya yi mini sallama, ya wuce. Ka san wanda ya ɗauke ka ranar da asma ta fara kama ka, kana ɗan ƙarami, babanku ya yi tafiya, lif ya lalace, ni kuma na tsaya tsakar ɗaki ina salati na kasa komai? Shi ne. Ya tattare zanin nan da hannu ɗaya, ya saɓa ka a kafaɗa, ya sauka benen da gudu har mota. Ina biye da shi ina kallon zanin da na yi wa dariya, kuma har muka isa asibiti ban ga abin dariya a jikinsa ba. Yau ga babanku nan, tun da aka fara kulle zani yake ɗaurawa, ban ga ƙafar wandonsa ba sai ranar da zai je rigakafi.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Kada ka nuna kowa da yatsa a kan suturarsa ko abincinsa. Ka ce mini launukan siket ɗin na dangin Kalum ne, kowane dangi da nasu. To na gane, anko ne, sai dai nasu ba ya ƙarewa da biki ɗaya. Wanda ya sa ka cikin ankon gidansu ya girmama ka. Ka saka shi da mutunci, ka mayar da shi ba ɗigon miya, kuma kada in ga ka ɗauki bidiyo kana rawa da shi don abokanka na shagon shayin mamak su yi dariya. Kayan kakannin mutane ne.

Amma yarda da siket ba yarda da tsiraici ba ne. Ranar da ka gwada shi na tsaya na duba da kyau, a tsakiyar gwiwa ya tsaya. Babanku, da yake malamin jami'a ne kuma komai sai ya samo masa wata fuska, ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, ai gwiwar a rufe take in dai bai motsa ba."

Na ce, "Gunki ne shi da ba zai motsa ba? Ba zai zauna ba? Ba zai yi ruku'u ba?"

Idan ka zura hannu a aljihun gefen akwatin za ka samu safa biyu da na saƙa. Na ga nasu a hoto, a ƙasan gwiwa suke ninke ta. Taka ba za ka ninke ba, za ka ja ta har ta wuce gwiwa ta ɓace cikin siket. Sannan akwai maganar da Nabila ta karanto mini a waya tana ƙyalƙyala dariya, wai asalin masu abin ba sa saka komai a ciki. Ban so in rubuta wannan da hannuna ba, amma dole ce. Ban san ko gaskiya ba ne, kuma ba na son in sani. Kai dai ka saka wando a ciki, mai kauri, wanda ya sauka gwiwa. Garin da aka ce iska tana juya lema ba garin da za a yi wannan gangancin ba ne.

Yanzu maganar sanyi, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro.

A Kuala Lumpur aka haife ka. Iyakar sanyin da ka sani shi ne na esin kantuna da na cikin jirgin ƙasa. Ni kuwa 'yar Jos ce, kuma a wurinmu idan aka ce ƙasar waje, sanyi ake nufi. Da zan taho, babanku ya aiko cewa akwai zafi, na ce maza me suka sani game da yanayi. Ban tambayi kowa ba. Na shiga kasuwar gwanjo na cika akwati guda da suwaita. Da aka ce kayana sun yi nauyi, sai na fitar da daddawa da kuka da yaji na bar wa Inna, na riƙe suwaitocin. Na sauko daga jirgi da biyu a jiki, har da hular sanyi. Ƙofar filin jirgi na buɗewa iska ta buge ni kamar an ɗaga murfin tukunyar tuwo. Babanku ya tsaya yana kallona ina ɗigar gumi, ya ce, "Binta, zazzaɓi kike yi?" Mun daɗe muna shan miya ba daddawa, ina zaune ina hararar akwatin nan.

Darasin shi ne ka tambayi mazauna wuri, kuma idan sun gaya maka ka yarda. Wannan karon na tambaya. Maman Joy ta benen da ke kallon namu tana da ƙanwa mai aikin jinya a can, ta ce iskar teku ce take ratsa riga ta shiga ƙashi. Kuma 'yan Pankshin ne su, ba yau suka fara ganin sanyi ba. Ni na kai kayan sanyi ƙasar zafi, kai kuma kana shirin kai ƙafafu a buɗe ƙasar sanyi. Wautar iri ɗaya ce, kuma na san a wurin wa ka gaje ta.

Akwatin nan bai taɓa barin gidanmu ba. Daga Pantai Dalam ya biyo mu Sentul, babanku yana ta cewa a bayar, ina cewa akwai ranarsa. Da kulle ya tsayar da tuwo da masar da nake ƙunshe wa ɗalibai su saya su tafi da shi, hannuna ya rasa abin yi, sai na sauko da shi. Na warware suwaitocin ɗaya bayan ɗaya, na wanke zaren, na shanya, na naɗe. Maman Joy ta aiko mini da tsinken saƙa ta hannun mai babur. Tun sakandare rabona da saƙa, amma yatsu ba su manta ba. Ina zaune ƙarƙashin fanka da ulu a cinya ina zufa, kuna wucewa kuna tambaya ko lafiya. Hannu ɗaya sai da na warware na sake, domin ya fito kamar na mutum biyu.

Da na gama, ka tuna, muka ƙure esin falo ka saka ta a kan siket don a gani. Ka fito daga ɗaki, Nabila ta ɗago kai daga waya ta faɗi ƙasa don dariya.

"Yaya, wallahi ka zama kek lapis! Umma, a yanka shi a kai wa maƙwabta lah!"

Na dube ka na ga layin ruwan ƙasa, da ja, da ɗorawa, da kore, sak kek ɗin nan mai hawa-hawa da Malayu suke rabawa da Sallah. Na kai mata duka da filo, amma ni ma sai da na juya baya na gyara fuskata. Kai kuma ka tsaya kana murmushin dole, ka ce, "Umma, tana da kyau sosai. Sai dai ba ta shiga da kilt ɗin ba. Kalum ya ce mai launi ɗaya ake sakawa, baƙa ko ruwan toka." Tun daga ranar suwaita ta fara faɗuwa bayan kujera.

Ban yi fushi ba, domin na san wannan murmushin, na taɓa yin irinsa. Ina aji uku a makarantar kwana Inna ta kawo mini suwaitar mahaifina, wanda kake ɗauke da sunansa, bayan ya rasu. Ita yake sakawa idan zai fita aikin kuza da asuba. Ruwan ƙasa ce, ta yi mini girma, hannayen suna rufe yatsuna. Ranar farko da na saka 'yan ajinmu suka laƙaba mini "maigadi". Na cusa ta ƙasan akwati, na ci gaba da fita taron safe da 'yar rigar makaranta, haƙorana suna kaɗawa amma ina ganin na yi kyau. Damina ta shigo da ruwa da ƙanƙara, ƙirjina ya kama, aka kwantar da ni a asibiti, jarrabawa ta wuce ni har na maimaita aji. Inna ta je makarantar ta buɗe akwatina ta ɗauko suwaitar. Ta zo ta ajiye ta a kan gadon, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Saka." Na saka. Sai ta dubi ɗakin hagu da dama ta ce, "Masu dariyar fa, suna ina?" Ko ɗaya ba ta zo dubiya ba.

Kada ka bar dariyar mutane ta zaɓa maka abin da za ka saka, ko abin da za ka ci, ko sallar da za ka yi a kan lokaci. Za su yi dariyarsu su tafi gida, kai za a bari da tari.

Yanzu ka sunkuya ka dubi ƙirjinka, tunda na san ka saka ta. Layin nan mai faɗi, ruwan ƙasa, wanda ya kwanta daidai kan huhunka, zaren suwaitar kakanka ne, wadda na taho da ita cikin akwatin nan tun daga Jos. Da gangan na sa shi a nan. Jan kuma na wadda na sauka da ita a filin jirgi ne babanku ya ɗauka zazzaɓi nake. Ɗorawar ba ta da wani tarihi, gwanjo ce, arha na gani na saya. Koren da ke bakin hannu na Maman Joy ne, zare ya ƙare mini ta warware hular jikanta ta aiko. Kalum yana da launukan danginsa, madalla. Idan wani ya tambaye ka waɗannan na wane dangi ne, ka ce naku ne, ka kuma faɗa da ƙarfi.

Zan gaya maka gaskiya sau ɗaya, ba zan maimaita a waya ba don kada in yi kuka a gaban Nabila ta samu abin tsokana. Ƙirjinka ba irin na kowa ba ne, kuma cutar nan da ta rufe duniya ƙirji take nema. Idan ka kwanta a can, ba jirgin da zai kai ni, ko na je ba za su bar ni in shiga inda kake ba. Babu Pakcik Rahim a benenku. Abin da hannuna ya iya aikawa ya zauna a jikinka shi ne wannan suwaitar, shi ya sa ban damu ba ko ta shiga da siket ko ba ta shiga ba. Abin shaƙarka yana aljihun jakar hannu, wani kuma na cusa cikin safa. Ka riƙa saka takunkumi ko da ka ga 'yan garin sun cire nasu.

Ba ni da zalunci, don haka na yi maka sassauci guda. Ranar auren Kalum ka saka kwat ɗin da ango ya ce a saka, bikinsa ne ba nawa ba. Amma a hanyar zuwa suwaita tana jikinka, ana gama hotuna kuma ta koma. Ba a jefar da ita kan kujera. Idan za ka wanke ta, da hannu, da ruwan sanyi, ka shimfiɗa ta a kan tawul. Ka kuskura ka jefa ta injin wanki za ta fito daidai jikin kyanwa, kuma sai ka yi mini bayani.

Wani abu da ba ka sani ba, kuma kada ka nuna ka sani: jiya na shiga ɗakinka ɗaukar tsintsiya na tarar da babanku gaban madubi da siket ɗin a ƙugu, ya cusa hannu a ɗamara yana ɗaga haɓa. Ya ce wai yana duba ingancin ɗinkin ne. Na ce masa ya cire kafin ya ɓalle wa yaron mutane maɓalli.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani, ya rufa maka asiri a inda idona ba ya kai wa. Allah ya ɗauke mana wannan annoba, ya buɗe hanyoyi, ya dawo mana da kai lafiya da ƙirjinka lafiya. Ka gaishe mini da Kalum da iyayensa, ka ce na gode da karamcin, Allah ya sa albarka a aurensa.

Ummanka.

Kada ka ninke takardar, saura doka. Na zauna da ku a gidan nan duk tsawon kulle, na ga yadda ake yi. Na gan ka kana amsa wa malamanku tambaya da riga mai kwala a sama da gajeren wando a ƙasa. Na ga babanku yana koyar da ɗalibai da kwat da nakatayi a kan zani. Waya rabin mutum take nunawa, kuma ni ba rabin ɗa na haifa ba. Saboda haka daga yau, duk ɗan gidan nan da ya kira ni ta bidiyo, daga Aberdeen ne ko daga ɗakin baya, bayan sallama sai ya jingina wayar, ya ja da baya, ya miƙe tsaye in gan shi daga kai har ƙafa. In ga suwaita a ƙirji, in ga gwiwa a rufe, sannan a fara hira. Na karanta wa babanku dokar ya ce ta yi tsauri, na ce da shi za a fara.